Shekarar da Hannuna Ya Manta Akuya

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Tun da kuka shigo kuke ɗaukar hoton gwangwanayen fentina kamar kun zo gidan tarihi, kuma wancan mai farin takalmi har ya tambaye ni ko wata uku zai ishe shi koyon aikin, wai shi tun yana firamare yake da baiwa. Baiwa! Duk wanda ya taɓa zana malamin lissafi da ƙaton kai a bayan littafi, 'yan aji suka yi dariya, sai ya shafa turare ya taho Nima, unguwarmu ta Akra, neman Awudu Penta ya miƙa masa buroshi. To ku zauna a bencin can. Ban da gefen hagu, bai bushe ba.

Aikin da na fara yi a wurin Masta Okai, a unguwar Niyu Tawun, wankin buroshi ne. Masta Okai ɗan ƙabilar Ga ne, gajere mai ƙaton tumbi, ya tashi a cikin zango, wato unguwar Hausawa, har Hausa ta zauna masa a baki, irin tamu ta nan wadda ba ruwanta da mace ko namiji. A al'adarsu kwalbar giya ake kai wa masta ranar ɗaukar mai koyo. Babana ɗan kasuwar goro ne, ba ya rabuwa da carbi, sai ya kai kiret ɗin lemo. Masta ya karɓa yana ƙunƙuni, kuma ina jin haushin lemon nan ne ya huce a kaina wata biyu. Wankin kuwa, kananzir da farko, sannan sabulu da ruwa, sannan ka matse gashin da yatsa biyu ya koma yadda yake, ka rataye shi kansa a ƙasa. Mai faɗin baki na rubutu ne, mai tsinin baki na ido ne da gashin baki, kuma in ka bar fenti ya kwana a jikin ɗaya, da safe ba buroshi gare ka ba, sandar dama koko ce. Na koyi haɗa launi a gwangwanin madara, na koyi shafa wa zare alli a ja shi a sake ya bar miƙaƙƙen layi a kan katako. Amma ko wasali ɗaya bai bar ni na rubuta ba.

Wata safiya ya miƙo min yagaggiyar takardar buhun siminti da guntun gawayi, ya tasa ni gaba har mahaɗar Kawukudi, inda mutane suke tsayawa jiran trotro, motar hayarmu ta nan.

Ya ce, “Ka ga mutanen nan? Ka zana talatin kafin rana ya yi zafi. In ba talatin, ba koko.”

Huɗu na yi. Na samu wata mata da kwandon tumatir, na duƙufa a kan ɗankunnenta, ina ta gyarawa, ina jin daɗin kaina. Da na ɗago kai babu ita, babu motar. Masta ya karɓi takardar ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

“Awudu, wannan mata ya kai kasuwar Madina, ya sayar da tumatir, ya dawo gida, kai kana nan kan kunnensa. Ina ƙafa? Ina baya? Kunne ne yana shiga mota shi kaɗai?”

Ranar ban sha koko ba. Washegari na yi tara, ranar ma ban sha ba. Yunwa ce ta koya min abin da ku kuke nema a waya: cewa mutum ba daga fuska ake fara shi ba. Ka duba ƙafar da ya ɗora nauyinsa a kai, ka ja layin bayansa da zuwa ɗaya, sauran su biyo in lokaci ya bari. Mace mai tire a ka wuyanta ba ya motsi, ƙugu ne yake tafiyar. Yaron mota da ya maƙale a ƙofa da hannu ɗaya duk jikinsa baka ne. Tsoho ba furfura ce take nuna shi ba, gwiwa ce. Masta ya hana ni abin gogewa. In layi ya karkace, ka ja wani a gefensa, ka bar na farkon yana kallonka.

Kada ku ɗauka an ajiye zanen nan a wani wuri. Da la'asar Masta yake tattara takardun ya ba mai tsire na bakin layi. Shekara uku mutanen Niyu Tawun suna cin nama a naɗe cikin aikina, kuma ban ji wanda ya tsaya ya yaba kafin ya goge maiƙo da shi ba. Ku kuwa in kun zana ido ɗaya sai kun sa a waya, kuna jira 'yan'uwanku na London su ce masha Allah.

Da rana kuma akwai wani ɓallen katako da ya ware min. Ragowar fentin da ya saura a gindin gwangwani, da shi zan yi abu ɗaya cikin kwata na awa: buta, ko kifi, ko albasa biyu. Gobe in shafe da fari in sake wani. Kafin in gama koyo katakon nan ya yi kauri har ya fi ƙarfin ƙusa. A kansa na gane cewa inuwar tumatir ba baƙa ba ce, kuma fatar mutumin zango ba a yin ta da ruwan ƙasa zalla, sai an ɗiga shuɗi a goshi, in ba haka ba sai ya fito kamar tukunya.

Allon farko da na yi da sunana na wani mai aski ne a Kawukudi, kawuna shida, kowanne da irin askinsa. Na gama cikin yini ɗaya, domin na riga na zana ƙeya ta fi a ƙirga a bakin titi. Mai askin ya tsaya ya duba, ya ce na uku ya yi kama da wani maƙwabcinsa da ba sa ga-maciji, in canza masa hanci. Na canza. Tun daga ranar na san cewa mai ba da aiki ba ya taɓa rasa abin cewa.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Zamanin gidajen bidiyo ne. A ɗinke buhun fulawa biyu, a shafe da fari, mai gidan ya zauna a kan benci yana ba ni labarin fim ɗin da ni ban taɓa gani ba, ina zanawa yana cewa, “Ƙara jini. Ƙara masa hannu ɗaya.” Direbobin trotro suna son addu'a a goshin mota da zaki a bayanta. Wani ya kawo min hoton mahaifiyarsa, ƙarami kamar farcen babban yatsa, ya ce in yi ta a ƙofar baya, da na gama ya ce ai na tsofar da ita. Matar ta haura tamanin. Akwai kuma wani malami, ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsa suna nan. Ranar Juma'a ya yi wa'azi a kan masu zana abu mai rai, har yana nuno layin shagona da sanda. Ranar Asabar sai ga shi ta ƙofar baya, yana son allon tallar maganin basir, da mutum a tsugune ya riƙe ciki.

Na ce, “Malam, ai mutum abu ne mai rai.”

Ya ce, “Wannan ba hoto ba ne, gargaɗi ne. Ka sa ya ji jiki sosai.”

A cikin wannan wadatar ne na lalace, kuma ku buɗe kunne a nan, don irin lalacewar da ke jiran mai baiwa ce. Na ga ana kirana Masta. Na ce masta ba ya zama a bakin titi da gawayi kamar mai jiran sadaka. Na yanka kwali: kai ɗaya, kaza ɗaya, kifi ɗaya, zaki ɗaya. In aiki ya zo in ɗora kwalin in zagaye, in cika da launi. Duk kajin da ke allunan Nima a lokacin kaza ɗaya ce, wani lokaci tana kallon gabas, wani lokaci yamma. Shekara goma sha biyar ban riƙe gawayi ba, kuma ba wanda ya lura. Ni ma ban lura ba.

Sai shekarar da injin buga hoto ya sauka a wani shago a bakin babban titi. Samari biyu da kwamfuta, ba su san warin kananzir ba, su fitar maka da ƙyallen talla mai sheƙi kafin ka gama cin goro. Gidajen bidiyo sun riga sun mutu. Masu aski suka sauke alluna suka rataya 'yan ƙwallo. Daga azumi har bayan ƙaramar salla ba wanda ya tako shagon nan sai mai neman hanya. In na buɗe gwangwani sai in tarar fenti ya yi fata a sama. Abokan sana'ata, wani ya koma fentin gidaje, wani ya kasa rigunan waya a faranti. Ni na shafe ƙofofin ƙarfe, na baƙanta allon makarantar Islamiyya, ina gaya wa kowa cewa injin ne ya kashe sana'a, mutane ba su san aikin hannu ba.

A tsakiyar wannan ne Hajiya Adiza ta zo. Mai wakye ce a Mamobi, shinkafa da waken nan namu, a bakin babbar kwata, kuma tun kafin a haifi wasunku layinta yake kaiwa har wurin mai faci. Ƙatuwar mace, muryarta ba ta bukatar lasifika. Ta fara zuwa wurin masu injin, suka buga mata hoton da suka ciro daga kwamfuta, sai ta tarar hoton nan ɗaya ne da na wata mai fufu a Kawukudi.

Ta ce, “Awudu, ka yi min allo na hannu. Akuya nake so, tsaye, mai rai, don a san nama nawa ba na firiza ba ne.”

Ba ni da kwalin akuya. Amma wa zai tsaya tunanin akuya a Nima, inda sai ka ture su kafin ka shiga masallaci? Na yi ta daga ka, kwana biyu, na sa mata launi mai kyau, na kai na kafa da hannuna.

Kwana uku bayan nan samarin da ke zama a kwanar layin suka fara haushi in sun zo wucewa. Wani ya miƙa kwano ya ce, “Hajiya, a sa min wakye, da cinyar mai gadi.” Da farko dariya ce. Amma kun san zango: magana tana fita daga bakin ɗan iska da safe, kafin magariba ta zama abin da wata ta ji daga wadda ta gani da idonta. Matan aure suka daina aikowa. Wani dattijo ya tsaya ya tambaye ta a hankali, wai shi dai don ya samu natsuwa ne. Musulma, Hajiya, a ce tana dafa kare. Tukunyar da ba ta taɓa kai azahar ba ta koma gida da rabi.

Ita da kanta ta ɗauko allon a ka, ta ɗaure mayafi a ƙugu, tun daga Mamobi har nan. Ta dire shi a daidai inda wancan mai farin takalmi yake zaune.

“Awudu, mene ne wannan?”

“Akuya ne, Hajiya.”

“Akuyan gidanku yana gadi? Akuyan gidanku yana bin mota? Shekara ashirin ina gyara sunana a bakin kwatan nan, kai ka ɓata shi da kwana biyu. Ka gyara. In ka kasa, ka faɗa min, in gaya wa Mamobi duka ba inji ya kashe ka ba, kai ne ba ka iya ba.”

Da ta tafi na ƙara wa dabbar ƙaho, na ƙara gemu. Na ja baya na duba. Kare ne mai ƙaho da gemu.

Na sa allon a trotro na nufi unguwar Madina, inda Masta Okai yake zaune a gidan 'yarsa. Ya tsufa tukuf, amma na same shi a tsakar gida da biro, yana zana kajin gidan a bayan tsohuwar kalanda. Ya dubi allon, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, aka kawo masa ruwa, ya sha, ya sake duba, ya sake dariya.

Sannan ya ce, “Baƙin idon akuya, tsaye yake ko kwance?”

Na ce tsaye.

“Wutsiya, sama ko ƙasa?”

Na ce ƙasa.

“Haƙori na sama, na gaba, guda nawa?”

Na ce shida.

“Babu ko ɗaya. Awudu, kai ka ci akuya ya fi ɗari, ba ka san fuskansa ba. Ni na ɗauka na yaye penta, ashe na yaye mai yankan kwali.” Ya juya ya ci gaba da kajinsa. Ko zauna bai ce min ba.

Washegari bayan sallar asuba ina wurin masu sayar da dabbobi a gefen Mamobi, da takardar siminti a hamata da gawayi a aljihu, gemuna ya fara fari. Mai turken wani Ba'adare ne daga Nijar, Malam Hamidu, dogo, mai rawani. Na gaishe shi, na ce ina so in zauna in zana akuyan nan nasa, wancan ja ɗin, ya yi kyau.

Ya ce, “Malam, akuya ce, ba akuya ne ba. Ga hantsarta nan tana jan ƙasa. Ku mutanen Akra da ba ku rarrabe ta da bunsuru ko a baki, ina mamaki don kun kasa a katako?”

Ya dai ba ni kujera. Akuya ba ta jira kamar mai jiran mota. Ka fara baya ta juya, ka fara kai ta sa shi cikin kwano. Ranar farko wata ta cinye min takarda da zane bakwai a jiki, Malam Hamidu ya ce ita ce ta fi kowa sanin darajarsu. Hannuna ya yi nauyi kamar na wani ne aka ara min. Tsofaffin masu ba ni aiki suna wucewa suna sunkuyar da kai, wasu suna cewa rashin kasuwa ya taɓa Masta Awudu. Samarin injin ma sun zo sun tsaya sun ɗauke ni a waya. Na ce su ɗauka da kyau.

Talatin kowace safiya, kamar da. A mako na farko na gane ƙashin ƙugunta yana tasowa kamar an kafa turaku biyu ƙarƙashin fata. Na gane gwiwoyin gaba sun yi kanta saboda durƙuso, muƙamuƙi gefe da gefe yake tafiya, baƙin ido a kwance, wutsiya a ɗage kamar tuta. Kare yana tsayawa a kan yatsu, a shirye ya ruga. Akuya tana tsayawa kamar wadda ba ruwanta, alhali idonta yana kan tiren mai latas. A mako na biyu layin baya ya soma fita da zuwa ɗaya. A na uku, ina jiran wata ta tashi, sai na zana Malam Hamidu yana ciniki, minti uku. Ya karɓa ya duba, ya ninke ya sa a aljihun gaba. Da yamma abokansa huɗu suka zo kowa yana son nasa. Abin da nake ci da shi yau ke nan a wuraren suna da biki, fuska cikin minti biyar, mutum yana zaune yana kallon kansa yana fitowa daga gawayi. Inji bai iya wannan ba tukuna.

Duk tsawon makonnin nan Hajiya ba ta zauna jirana ba. Ta sa mahaucinta, Baba Salifu, ya riƙa yanka a gaban rumfar kowa yana gani, a rataye kan da ƙafafu har a tashi. Mutane suka soma dawowa, amma da ɗaiɗai, wasu har da ɗaga nama a cokali suna dubawa.

Na kankare allon har katako, na sake shi cikin yini ɗaya. Da na kai, Hajiya ba ta bari na kafa ba. Ta sa na jingina shi da bango, ta aika a kira Baba Salifu. Kafin ya iso mutane sun taru, har da samarin kwanar layi, sun harɗe hannu suna jira. Baba Salifu ya zo da wuƙa a ƙugu, ya tsuguna, ya dubi kofato, ya dubi baki, ya kai hannu kamar zai taɓa haƙarƙari, ya fasa.

Ya ce, “Akuya ce. Ta haihu, ba sau ɗaya ba. Irin ta arewa ce, mai dogon kunne.” Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. “Amma Hajiya, da ni aka kawo wa ita, ba zan yanka miki ba. Ta rame.”

Hajiya ta juyo kaina.

“Ka ji ko? Sati uku kana zaune cikin kashin awaki, ka rasa wanda za ka zana sai mai yunwa. Ana so a ce Adiza yana dafa ƙashi? Ɗauka ka ƙara masa nama. Jibi ina jira.”

Na ɗora allon a ka, na kama hanyar Nima, fuskar akuyar tana kallon baya. Dole in bi ta gaban bencin samarin nan, sun riga sun koma sun zauna. Na wuce na farko, na wuce na biyu, ba wanda ya yi tari. Sai da na kusa shan kwana, wanda ya fara haushin nan, babbansu, ya gyara murya, ya ce, “Meeee.”

Ban juyo ba. Na gyara zaman allon na ci gaba da tafiya, ina tunanin wace ce ta fi ƙiba a turken Malam Hamidu.